Teku da Fari: Tambayoyi da Amsoshi kan Yadda Ruwan Teku ke Juya Daminar Sahel

Da zarar bazara ta kama, sai a fara jin sunan El Nino a rediyo, wasu su firgita, wasu su ce zancen Turawa ne kawai. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda manoma, makiyaya, 'yan kasuwar hatsi da malaman gona suka fi maimaitawa. An fara da na tushe, sannan aka shiga masu zurfi.

Ina ruwan teku da daminar Kano ko Damagaram, alhali muna da nisan ɗaruruwan kilomitoci da shi?

Kaso mai yawa na ruwan da ke sauka a gonakinmu daga teku ya taso. A watannin Maris zuwa Mayu rana tana gasa ƙasar Sahel da Sahara, iskar da ke kanta ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta tashi sama. Gurbin da ta bari sai ya jawo iska mai sanyi da danshi daga Tekun Atlantika, ta ɓangaren Gabar Gini. Wannan ita ce iskar kudu maso yamma da manomi ke jin ƙamshinta kafin ruwan farko. Tana tura busasshiyar iskar hunturu arewa sannu a hankali, har a watan Agusta iyakar da ke tsakaninsu ta wuce Agadas. A Satumba ta fara ja da baya.

Shi ya sa ruwa ke raguwa yayin da ake yin arewa: Legas tana samun sama da milimita 1,500 a shekara, Kano tsakanin 800 da 900 a tsohon lissafi, Yamai kusan 550, Agadas kuwa ba ta cika kai 200 ba. Mu muna bakin ƙarshen tafiyar wannan iska ne. Idan ƙarfinta ya ɗan ragu, mutumin Fatakwal ba zai ma lura ba, amma na Tawa zai ga geronsa ya ƙone.

Me ya sa masana ke sa ido kan zafin teku, ba kan iskar kanta ba?

Saboda iska ba ta riƙe hali. Yanayin sama na yau ba ya faɗin komai game da na bayan makonni biyu. Ruwa kuwa yana jinkirin ɗaukar zafi, yana jinkirin sakinsa, kamar ruwan randa da ke kwana da sanyinsa ko da ɗakin ya ɗau zafi. Idan wani yanki na teku mai faɗin dubban kilomitoci ya fi yadda ya saba ɗumi da digiri ɗaya, zai iya zama haka wata shida ko fiye, kuma duk tsawon lokacin yana sauya inda hadari ke haɗuwa da inda iska ke nufa. Wannan jinkiri ne ya sa ake iya hango halin damina tun kafin ta faɗi.

Tekuna huɗu ne ke da hannu a daminarmu: Fasifik, Atlantika, Tekun Indiya da Bahar Rum. Kowanne yana da nasa salon ɗumi da sanyi, wani yana juyawa cikin 'yan shekaru, wani sai bayan shekaru gommai.

Mene ne El Nino da La Nina?

A yawancin shekaru, iska tana kaɗawa a kan Tekun Fasifik daga gabas zuwa yamma, tana kora ruwa mai ɗumi zuwa wajen Indunusiya da Ostireliya, ruwa mai sanyi kuma ya taso daga ƙasa a gabar Peru. Bayan kowace shekara 2 zuwa 7 wannan iska takan yi rauni, ruwan ɗumin ya komo tsakiya da gabashin tekun. Wannan shi ne El Nino. Masuntan Peru ne suka fara lura da shi, domin kifi yakan ƙaurace musu a wajen watan Disamba. La Nina kishiyarsa ce: iskar ta ƙara ƙarfi, gabashin tekun ya fi yadda ya saba sanyi.

Hukumar NOAA, mai lura da teku da yanayi a Amurka, tana auna wani yanki na tsakiyar tekun, idan zafinsa ya haura yadda aka saba da rabin digiri ko fiye har tsawon watanni a jere, sai ta ce El Nino ya kama. Manyan da aka gani su ne na 1972–73, 1982–83, 1997–98, 2015–16 da 2023–24. Wanda ya fara gano alaƙar nauyin iska tsakanin ɓangarorin tekun biyu shi ne Gilbert Walker, a shekarun 1920, lokacin da yake neman dalilin da ke sa daminar Indiya ta gaza. Jacob Bjerknes ne ya nuna a 1969 cewa iskar da tekun abu ɗaya suke yi tare.

Ta wace hanya abin da ya faru a Fasifik yake isowa gare mu?

Ba iskar Fasifik ce ke zuwa nan ba. Abin da ke faruwa shi ne, idan tekun ya yi ɗumi, manyan hadarurruka suna haɗuwa a kansa, suna zuba zafi a sararin sama, zafin kuma ya bazu ya zagaye duk yankin da ke kusa da layin Ikwaita cikin 'yan watanni. Hadari yana haɗuwa ne idan iska mai ɗumi da danshi ta taso daga ƙasa ta tarar da sanyi a sama. To idan saman ya riga ya yi ɗumi, iskar da ta taso ba ta samun ƙarfin ci gaba da hawa. Sai ka ga gari ya haɗe, an yi iska da ƙura, hadarin ya watse ba digo.

Lokaci yana da muhimmanci a nan. El Nino yakan kai ƙarshen ƙarfinsa tsakanin Nuwamba da Janairu, lokacin da mu mun riga mun gama kaka. Wanda ke cutar da mu shi ne wanda ya fara tasowa da wuri, ya yi ƙarfi a Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin marka.

Ke nan duk shekarar El Nino fari za a yi?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so kowa ya riƙe. El Nino yana ƙara yiwuwar ƙarancin ruwa a Sahel, ba ya yanke hukunci. Shekarun 1972, 1982, 1983 da 1987 sun zo da El Nino a kusa, kuma an sha wahala. Amma na 2015, wanda yana cikin mafiya ƙarfi a tarihi, ya jinkirta faɗuwar damina a wurare da dama na Sahel, daga baya ruwa ya zauna a Agusta. Inda ya yi ɓarna sosai a wannan karon shi ne Habasha, inda sama da mutum miliyan 10 suka buƙaci agajin abinci, da kuma kudancin Afirka. Haka na 2023–24: Zambiya, Malawi da Zimbabuwe ne suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fari a farkon 2024.

A ɗaya ɓangaren, 1984 tana cikin shekarun da suka fi kowace bushewa a Sahel a ƙarni na 20, kuma babu El Nino a daminar waccan shekarar. Dalilinta yana kusa da gida, kamar yadda amsa ta gaba ta bayyana.

Ga 'yan'uwanmu na Sudan, musamman mazauna Jazira da Mai Wurno, alaƙar ta fi fitowa fili, domin reshen Nilu da ke gangarowa daga tsaunukan Habasha yakan ragu a shekarun El Nino.

Wace rawa Tekun Atlantika ke takawa?

Rawa biyu. Ta farko a Gabar Gini take. Daga Mayu zuwa Yuli ruwan da ke kudu da gabar Ghana da Najeriya yakan yi sanyi saboda ruwan ƙasa da ke tasowa. Wannan sanyi alheri ne gare mu, domin yana ƙara bambanci tsakanin teku mai sanyi da Sahara mai zafi, bambancin kuma shi ke tura iskar damina arewa. A wajen ƙarshen Yuni babban layin ruwan yakan yi tsalle daga gabar teku zuwa arewa, shi ya sa mutanen Legas da Akara ke samun ɗan hutun ruwa a Agusta daidai lokacin da mu muke cikin marka. Idan Gabar Gini ta ƙi yin sanyi, ruwan sai ya maƙale a kudu, gabar teku ta jiƙe, arewa ta bushe. Abin da ya faru ke nan a 1984.

Ta biyu ita ce bambancin zafi tsakanin arewacin tekun da kudancinsa. Layin damina yakan karkata zuwa ɓangaren da ya fi ɗumi. Idan arewacin Atlantika ya yi ɗumi, ruwa yana ƙara shigowa Sahel, idan ya yi sanyi, ya ja baya. Bahar Rum ma haka take: idan ta yi ɗumi, tururinta yana ratsa Sahara ya ƙara wa hadarinmu danshi, musamman a gabashin Nijar da Chadi da Sudan. Saboda haka masana da dama ba sa tambayar ko teku kaza ya yi ɗumi. Tambayarsu ita ce ko arewacin Atlantika da Bahar Rum sun fi sauran tekunan yankin zafi ɗumi. Idan sun fi, damina tana da goyon baya, ko da El Nino na nan.

Farin shekarun 1970 da 1980 fa? An ce sare itatuwa da kiwo ne suka jawo shi.

Wannan zance ya daɗe yana yawo, kuma ya yi wa talakawan Sahel rashin adalci. Shekarun 1950 sun kasance masu albarkar ruwa, har mutane suka faɗaɗa noma zuwa arewa. Daga ƙarshen shekarun 1960 ruwa ya fara ja, zuwa shekarun 1980 ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Garkunan Fulani da Buzaye suka ƙare, Tafkin Chadi da ya kai faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ƙanƙance zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na hakan. Darfur da Kurdufan suka shiga yunwa a 1984–85, Ghana ta ga fari da gobarar daji a 1983. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa idan dabbobi suka cinye ciyawa, ƙasa ta zama fara fat, tana mayar da hasken rana sama, hakan kuma yana hana ruwa. Ra'ayi ne na ilimi da ya gabatar don a gwada, amma da ya shiga hannun masu tsara manufofi sai ya koma zargi: makiyayi da manomi su suka kori ruwa da kansu.

Bincike ya nuna akasin haka. Peter Lamb a 1978, sannan Chris Folland da abokan aikinsa na hukumar yanayi ta Ingila a 1986, sun nuna cewa shekarun fari suna tafiya tare da wani salo na zafin teku: arewacin duniya ya yi sanyi, kudu ya yi ɗumi. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ba kwamfuta tarihin zafin tekuna kaɗai, ba tare da sare itace ko kiwo ba, sai ta fitar da daminar shekarun 1950 da farin da ya biyo baya. Arewacin Atlantika ya yi sanyi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa tsakiyar shekarun 1990, Tekun Indiya kuma yana ta ɗumi. Masana da yawa suna ganin hayaƙin masana'antun Turai da Amurka, wanda ke tare hasken rana, yana cikin abin da ya sanyaya arewacin tekun.

Ba ana cewa itace ba shi da amfani ba ne. Ƙasar da ta rasa ciyawa da itatuwa tana ƙara wa fari tsanani, tana kuma kasa riƙe ɗan ruwan da ya sauka. Amma teku ne ya fara, ƙasa ta ƙara. Kuma fari ya girmi masana'antu da yawan dabbobin zamani: yunwar 1913–14 da kakanni suka kira Kakalaba shaida ce.

La Nina albishir ce ke nan?

Sau da yawa tana zuwa da ruwa mai yawa a Sahel, amma yawan ruwa ba kullum yake nufin cikar rumbu ba. A Agustan 1988, shekarar La Nina, madatsar Bagauda ta fashe a Kano, Khartum ma ta sha ambaliya a watan. A La Nina mai shekara uku ta 2020 zuwa farkon 2023, kogin Kwara ya mamaye unguwannin Yamai da gonakin shinkafar Kebbi a 2020, ambaliyar 2022 kuma ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya. Sannan ita ma ba ta da tabbas: daminar 1973 da ta 2011 sun zo da sanyi a Fasifik, amma ruwa ya yi ƙaranci a Nijar da Chadi.

A gabashin Afirka lamarin a juye yake. La Nina ce ke kawo musu fari: yunwar Somaliya ta 2011 ta ci kusan mutum 260,000, kuma daga ƙarshen 2020 zuwa 2022 damina biyar a jere ta gaza a Somaliya da sassan Kenya da Habasha. Su kuma suna da wani salon na Tekun Indiya, inda yammacinsa da gabashinsa ke musayar ɗumi da sanyi. Idan yammacin ya yi ɗumi, kamar a 1997 da 2019, ambaliya suke gani. Wannan ne ya sa idan ka ji labarin El Nino a rediyo, ya kamata ka saurara da kyau ka ji wane yanki ake magana a kai.

Teku ne ke jawo ɗaukewar ruwa a tsakiyar damina?

Ba kai tsaye ba. Teku yana tasiri ne kan jimillar damina da yawan yiwuwar a samu dogon tsaiko, amma ba ya nuna ranar da ruwa zai ɗauke a ƙauye kaza. Ruwanmu yana zuwa ne ta manyan hadarurrukan da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, galibi bayan kwana 3 zuwa 5, kuma akwai wani kaɗawar yanayi da ke zagaya yankin zafi cikin kwana 30 zuwa 60, yana buɗe ruwa yana rufewa. Waɗannan ba a iya hango su sai saura mako ɗaya zuwa uku.

Ga manomi kuwa wannan tsaikon ne ya fi ciwo. Shekara tana iya cika ma'auninta na milimita, amma idan ruwa ya ɗauke kwana 15 bayan shuka ta tsiro, ko lokacin da gero ke bunni, an yi asara. Don haka hasashen damina da na mako-mako tare suke aiki.

Su wane ne ke yin hasashen, kuma yaushe?

Ana auna zafin teku da taurarin ɗan'adam, da na'urori kusan 70 da aka kafe a Fasifik bayan El Nino na 1982–83 ya shammaci kowa, da irinsu a Atlantika tun 1997, da wasu kusan 4,000 da ke yawo cikin ruwa suna nutsewa suna tasowa. A Najeriya hukumar kula da yanayi, NiMet, tana fitar da hasashen shekara a wajen Janairu ko Fabrairu, da ranakun faɗuwar damina da ɗaukewarta jiha-jiha. A Yamai akwai cibiyar AGRHYMET mai nazarin yanayi da ruwa don noma, wadda aka kafa a 1974 ƙarƙashin CILSS, ƙungiyar ƙasashen Sahel da aka kafa a 1973 saboda farin wancan lokaci, da kuma ACMAD, cibiyar nazarin yanayi ta Afirka. Tun 1998 suke tara masana na yankin su fitar da hasashe na haɗin gwiwa, yanzu a wajen ƙarshen Afrilu.

Me ya sa wani lokaci hasashen ba ya cika?

Dalili na farko shi ne yadda ake karanta shi. Hasashen damina ba ya cewa za a yi fari, yiwuwa yake bayarwa. Ba tare da wani bayani ba, ƙarancin ruwa, matsakaici da yalwa kowanne yana da kashi ɗaya cikin uku. Idan aka ce, alal misali, ƙaranci kashi 45, matsakaici 35, yalwa 20, to ƙaranci ya fi rinjaye, amma har yanzu yiwuwar kada a yi shi ta fi rabi. Na biyu, hasashen na yanki ne mai faɗi, ruwan Sahel kuwa yana iya jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi.

Na uku, lokacin bai yi mana daidai ba. Watannin Maris zuwa Mayu su ne lokacin da ya fi wuya a san inda Fasifik zai nufa, kuma a lokacin ne manomi ke bukatar amsa. Hasashen Fabrairu na share fage ne. Wanda aka sabunta a Mayu ko Yuni ya fi shi ƙarfi, kuma abin takaici shi ne wanda ba kasafai yake isa ƙauye ba.

Wannan ba shiga ilimin gaibu ba ne?

Ruwa na Allah ne, Shi ke saukar da shi inda Ya so. Abin da masana ke yi shi ne lura da sababai, kamar yadda tsofaffi ke lura da zuwan shamuwa, da zubar ganyen gawo, da juyawar iska. Bambancin kawai shi ne alamar tasu tana can cikin teku, kuma an shafe shekaru ana rubuta ta ana gwadawa. Mai sauraron hasashe ba abin da zai hana shi fita sallar roƙon ruwa.

To idan an ce akwai alamar ƙarancin ruwa, me manomi da makiyayi za su yi?

Abu mafi amfani da aka gano a Sahel shi ne ranar faɗuwar damina tana yawo sosai daga shekara zuwa shekara, ranar ɗaukewarta kuwa ba ta cika motsawa ba. Ke nan damina da ta makara, gajera ce. A irin wannan shekara gero mai saurin nuna kamar Sosat ko HKP da wake ɗan kwana sittin zuwa saba'in sun fi maiwa da dawa mai dogon zango tabbas. Kada a zuba duk iri a binne ko a ruwan farko. Wani ma'auni da aka daɗe ana amfani da shi a Nijar yana cewa damina ta zauna ne idan aka samu milimita 20 cikin kwana 3, ba tare da tsaikon da ya wuce mako ɗaya ba a kwana 30 da suka biyo. A raba taki kashi-kashi, kada a zuba shi a busasshiyar ƙasa. Ramukan tara ruwan sama a gona, wato tassa da na rabin wata, da mutanen Tawa suka ƙware a kai, da sassaben zamani na Maraɗi inda ake barin toho ya zama itace, suna amfani ko wace irin shekara aka samu.

Makiyayi ya fi kowa samun lokacin shiri, domin tun Satumba ake gane ko ciyawa za ta kai rani. Rage garke da wuri, dabba tana da jiki da daraja, da tanadin harawa da kara da dusa kafin su yi tsada, shi ne abin da waɗanda suka ga 1984 suke ta nanatawa.

Ɗumamar duniya za ta ƙara fari ne ko ruwa?

Tun tsakiyar shekarun 1990 ruwa ya ɗan farfaɗo a tsakiya da gabashin Sahel, daidai da ɗumin da arewacin Atlantika da Bahar Rum suka yi, amma bai dawo da halinsa na shekarun 1950 ba. Yana zuwa ne da ƙarfi a ranaku kaɗan. Wani bincike da Christopher Taylor ya jagoranta a 2017 ya nuna manyan hadarurruka masu tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982, saboda Sahara tana ƙara zafi. Daminar 2024, wadda a cikinta madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba, ta zo ne lokacin da arewacin Atlantika da Bahar Rum ke da ɗumi ƙwarai.

Yawancin lissafin kwamfuta yana nuna ƙarin ruwa a Nijar, arewacin Najeriya da Chadi, da raguwa a can yamma wajen Senegal. Amma duk wannan ya rataya ne kan bambancin da aka yi bayani a amsar Atlantika: idan arewacin tekun ya daina fin sauran tekuna saurin ɗumi, layin damina zai iya sake komawa kudu. Ko da ruwan bai ragu ba, ƙarin zafi yana busar da ƙasa da wuri, ta yadda tsaikon kwana 10 a yau ya fi tsaikon kwana 10 na shekaru hamsin da suka wuce ƙona shuka.